Ubangida ko Takarda: Da Wanne Marubucin Fim Zai Fara?

Lacca ga matasa masu sha'awar rubutun fim, unguwar Poumpoumré, Garwa

 

  Tambayar da masu shirya taron nan suka aiko mini gajeriya ce. Ga matashi a nan Garwa, yana da labari a ransa, yana burin ya ga sunansa a farkon fim, a wurin da ake rubuta labari da tsarawa. Lokacinsa kaɗan ne, kuɗinsa bai ma kai lokacin ba. Shin ya tattara ya tafi Kano ko Yawunde ya raɓi wani babba a harkar ya zama yaronsa, ko kuwa ya zauna ya duƙufa a kan rubutunsa har ya nuna?

Zan faɗi matsayina tun yanzu don kada in ja ku da nisa. Ya fara da rubutu. Malami yana da muhimmanci ƙwarai, zan kuma daɗe a kan maganarsa, amma a wannan sana'a ta hanyar takarda ake samun malamin kirki. Wanda ya je gaban manya hannu rabbana, abin da ya fi samu shi ne aike.

Na san dalilin da ya sa tambayar take da nauyi a garin nan fiye da yadda za ta yi a Kano. Dattawan da ke cikin ɗakin nan sun shiga silimar Ribadou, sun kalli fina-finan Indiya da na kaboyi a babban majigi. 'Ya'yansu ba su sami wannan ba. A farkon 2009 aka rufe gidajen silima uku na ƙarshe da suka rage a Kamaru, wato Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala da Empire a Bafoussam, kuma da aka fara buɗe sababbi daga 2016, a kudu aka buɗe su. Bikin fina-finai na Écrans Noirs, wanda Bassek Ba Kobhio ya kafa a 1997, a Yawunde ake yinsa, kuma kafin ɗan Garwa ya isa can sai ya hau mota zuwa Ngaundere sannan ya kwana a jirgin ƙasa. Fina-finan da muke kallo a wayoyinmu kuwa, mafi yawansu daga Kano suke zuwa, da harshen da muke ji, amma daga wata ƙasa mai nata kuɗi da tata doka. Dole matashi ya ji cewa ba zai kai ko'ina ba sai wani ya kama hannunsa.

Ga kuma tarbiyyar da muka tashi a cikinta. Mu mutane ne da suka san koyon sana'a a hannun ubangida. Yaron tela yana farawa da guga da ɗinka maɓalli, yana kallon yadda maigidansa ke aza almakashi a kan yadi, shekara biyu uku sai hannunsa ya faɗa. A fim ma akwai sassan da haka ake koyonsu: riƙe kyamara, saita haske, ɗaukar sauti, tace hoto a kwamfuta. Duk waɗannan ido yana ganinsu. Rubutu kuwa, inda aikin yake faruwa ido ba ya kaiwa. Ka wuni a gefen babban marubuci, abin da za ka gani kawai mutum ne ya yi shiru, ya rubuta layi biyu, ya goge ɗaya. Dalilin gogewar, wanda shi ne ilimin, ba zai bayyana gare ka ba sai ranar da ya ɗauki naka rubutun ya ce ka cire wannan, kai kuma ka tambaye shi don me.

Mu duba tarihinmu. A 1933 ofishin talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ya nemi malamai su rubuto ƙagaggun labarai da Hausa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. A lokacin Imam matashin malamin makarantar midil ne a Katsina. Bayan East ya karanta abin da ya rubuta ne ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya a 1936, ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da Turawa da Indiyawa, suna zama tare suna duba aikin, har aka sami Magana Jari Ce littafi uku. A 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da wuya a sami misalin malami da ɗalibi da ya yi wa adabinmu amfani kamar wannan. Amma ku lura da yadda abin ya jeru. East ya san malamai da yawa a Arewa, kuma wanda ya kira ya zauna da shi shi ne wanda ya riga ya ga aikinsa a rubuce. Shi kuwa Shaihu Umar, sai a 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim, shekara goma bayan rasuwar mai littafin. Abin da aka rubuta yana iya jiran lokacinsa.

Wani zai ce mini ai akwai waɗanda ubangida ne ya fara tsinto su. Akwai, kuma babban misalinsu Oumarou Ganda ne na Nijar. Ya yi soja a yaƙin da Faransa ta yi a yankin Biyetnam, daga baya ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. A can mai shirya fim Jean Rouch ya haɗu da shi, ya sa shi a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958. Zama da Rouch ya buɗe masa ido, babu shakka a kan haka. Sai dai a wancan fim rayuwarsa ce ake nunawa, amma sunan wani ne a sama. Nasa fim ɗin bai zo ba sai bayan shekara goma, lokacin da aka shirya gasar rubutun fim a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Yamai a 1968, ya zauna ya rubuta Cabascabo a kan abin da tsohon soja yake tararwa idan ya dawo gida. An nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a 1969. A 1972 kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara cin babbar kyautar Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu. Ko shi da ya sami ubangida irin Rouch, sai da ya zauna da alƙalami kafin a kira shi mai fim.

A Kano ma, idan muka koma tushe, marubuta ne a gindin abin. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a 1990 kuma daga shi ake fara lissafin fina-finan bidiyo na Hausa, Aminu Hassan Yakasai ne ya rubuta shi. Ado Ahmad Gidan Dabino ya shigo fim da littafinsa In Da So Da Ƙauna a hannu. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu littafi ne kafin ya zama fim. Da kasuwa ta buɗe a ƙarshen shekarun 1990, zamanin fina-finan Sangaya da Wasila, sai sauri ya shigo. Aka yi fina-finai masu yawa ba tare da cikakken rubutu ba. A lokeshan darakta zai gaya wa jarumai abin da sin ya ƙunsa, su kuma su zuba magana daga kansu. Cikinsu akwai masu baiwa da suka fitar da abin dariya da abin kuka ta wannan hanya, ban raina musu ba. Amma sakamakon da muka gani duka shi ne labari ɗaya ana ta juya shi, ana aro daga Indiya idan an rasa madafa, marubuci kuma ya koma mutumin da aka fi biya kaɗan kuma aka fi saurin mantawa da shi.

Abin da ya dawo wa rubutu da darajarsa shi ne fim mai dogon zango. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in, ga Labarina na Aminu Saira, ga Izzar So a YouTube. Shirin da zai yi shekaru ana kallonsa kowane mako ba ya yiwuwa da ka. Dole a sami wanda zai tuna alkawarin da wance ta yi a kashi na tara idan an kai kashi na arba'in. Kuma waɗanda aka nemo domin wannan aiki, irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman, an riga an san su da littattafansu. Ƙannena, wannan albishir ne gare ku. A yau masu neman fitowa a fim sun yi yawa, masu iya riƙe labari mai tsawo kuwa ana nemansu.

To, me ake nufi da gina rubutu? Da yawa daga cikinku sun ɗauka cewa buga labarin a waya ko a kwamfuta shi ne aikin. Bari mu ɗauki abin da kowa a nan ya sani mu gwada.

Hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON tana garin nan. Manomin auduga yana karɓar taki da maganin feshi bashi a farkon damina, a cire kuɗin idan ya kai audugarsa sikeli. Manoma kuma suna haɗuwa ƙungiya-ƙungiya suna tsaya wa juna, ta yadda idan ɗaya ya kasa biya nauyin zai hau kan sauran. Matashi zai zo ya ce yana da labari a kan wahalar manoman auduga. Wannan batu ne, bai zama labari ba tukuna. Wane manomi? Me yake so, kuma kafin wace rana? Wa ya tsaya masa a hanya? A ce wa da ƙane ne a ƙungiya ɗaya. Ƙanen ya sayar da takinsa a ɓoye ya biya kuɗin asibitin matarsa, gonarsa ba ta yi ba. Wan shi ne shugaban ƙungiyar, shi ke riƙe da littafi. Saura kwana goma a yi awo. Idan ya rufa wa ƙanensa asiri, mutanen da ba su ci ba za su biya, cikinsu har da mahaifin yarinyar da ɗansa yake nema. Idan ya tona, mahaifiyarsu tana raye, kuma a gidansa take. Yanzu an sami labari, domin an sami mutum da duk inda ya juya sai ya yi asarar wani abu da yake ƙauna.

Wannan mataki ne na farko kawai. Marubucin littafi yana iya shiga zuciyar mutum ya gaya mana abin da ke ciki. Marubucin fim ba shi da wannan dama, abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji kawai yake da su. Ta yaya mai kallo zai san wan ya gane? Kana iya sa shi ya shiga rumbun ƙanensa neman fartanya, ya duba inda ake jibge buhunan taki ya ga wayam, ya fito bai ce uffan ba. Ta yaya za mu san yana cikin damuwa? Dare ya yi, littafin ƙungiya yana buɗe a gabansa, ya rubuta sunan kowa da adadinsa, ya zo kan sunan ƙanensa ya aje biro. Ita kuma uwar, wadda ta san komai, ba za ta taɓa ambatar taki ba. Mutanenmu, Hausawa da Fulani, ba haka suke magana ba. Za ta kira shi da asuba ta ba shi labarin shekarar da aka yi yunwa, wa ya goya wa, wa ya bar wa wani lomarsa, sannan ta ce ya je kada ya makara. Babbar cutar rubutunmu ita ce kowa yana faɗin duk abin da ke ransa, da cikakkiyar jimla, yana kallon kyamara. Kunya da kawaici da kara su ne dukiyar marubucin wannan yanki, domin su ne suke sa magana ta zama mai hawa biyu, abin da aka faɗa da abin da ake nufi. Wanda yake son ya ga yadda ake sa Bahaushe magana a takarda ya nemi wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, ya karanta su da ƙarfi yana jin kansa.

Bayan wannan sai maganar kuɗi ta shigo, kuma tun a takarda take shigowa. Duk sabon wuri da ka rubuta kuɗin mota ne. Duk sin ɗin dare janareta ne da fitilu. Duk taron jama'a abinci ne. Idan kana son a ga tulin farar auduga a kasuwar awo, to sai da rani za a ɗauka, kuma sin ɗin shuka da ka sa a farko yana nufin jiran wata damina. Mahamat-Saleh Haroun na Cadi, maƙwabcinmu, ya yi Daratt a 2006 da mutane kaɗan da wurare kaɗan: saurayi ya zo birni da bindiga domin ya kashe wanda ya kashe mahaifinsa, ya tarar da shi mai gidan burodi ne, sai ya zama yaronsa yana koyon gashi. Mafi yawan fim ɗin a tsakar gida ɗaya da bakin tanderu yake, magana kuma ba ta da yawa. Ya ci kyautar alƙalai ta musamman a bikin Venice. Ku neme shi ku kalla, ku kuma riƙe biro kuna ƙirga wuraren.

A tsarin da aka saba, shafi ɗaya na rubutun fim yana ɗaukar kimanin minti ɗaya a allo. Fim na awa ɗaya da rabi kenan shafi casa'in ne ko kusa da haka. Shafi casa'in ɗin nan ba sau ɗaya ake rubuta su ba. Ana gamawa, a ajiye, a dawo a ga cewa labarin bai fara ba sai a shafi na ashirin, a yanke, a sake. Ina ba ku shawara kada ku fara da dogon zango. Ku fara da gajeren fim na minti goma, ku kai shi ƙarshe. Matasanmu da yawa suna da kashi na ɗaya na labarai biyar, ba su da ƙarshen ko guda, alhali a ƙarshe ne ake gane ko mutum ya san abin da yake faɗa.

Yanzu sai mu zo kan malami, domin wanda ya kulle kansa a ɗaki shi ma yana da nasa haɗarin. Marubuci ba ya ganin ramin da ke cikin labarinsa, saboda a kansa ramin a cike yake. Ya san dalilin da ya sa jarumarsa ta koma gidan mijinta, sai ya ɗauka kowa ya sani, alhali bai rubuta ba. Akwai kuma abubuwan da sai a lokeshan ake koyonsu, kamar yadda jimlar da ta yi kyau a takarda take sarƙe harshen ɗan wasa, ko yadda rana take faɗuwa ana tsakiyar sin. Saboda haka idan kun ji ana ɗaukar fim a unguwar Yelwa ko Roumdé Adjia, ko da na wayar hannu ne, ku je ku riƙe musu lema ku kalla. Kwana uku a lokeshan yana gyara rubutu sosai. Abin da nake tsoratar da ku shi ne kwana ukun ya zama shekara uku, kana riƙe wa wani jaka da waya, ana ce maka yaron wane, kai kuma rabonka da rubuta shafi ɗaya har ka manta.

Lokacin neman malami shi ne idan ka gama rubutu daga farko har ƙarshe, ko da kai kanka ka san da sauransa. A nan ne maganarsa za ta sami inda za ta sauka. Kuma ana gane malamin kirki da sauri. Yana karantawa, ba ya ce maka ka ba shi labarin a taƙaice. Tambayoyinsa sun fi umarninsa yawa. Yana gaya maka inda ya gaji da inda ya daina yarda da jarumin, ba ya juya labarinka ya koma irin nasa. Yana iya faɗa maka maganar da za ta hana ka barci, amma yana maido maka da takardunka. Wanda duk abin da ka kai masa sai ya ce ya yi kyau, a bar shi a wurinsa, zai duba abin da za a yi, ka yi hattara da shi. Kuma ba dole ne malamin ya zama mai suna ba. Malamin adabi a makarantar sakandare, ko mai shirya wasan kwaikwayo a gidan rediyo, ko tsohuwar da yara ba sa tashi idan ta fara tatsuniya, kowannensu zai iya nuna maka inda labarinka ya yi sanyi. Wanda kake so a Kano kuwa, a yau ba sai ka ƙetare iyaka ta Yola ba kafin rubutunka ya isa hannunsa. Waya tana kaiwa.

Amma kafin ka tura, ka san matsayinka a doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru, mai lamba 2000/011 ta ranar 19 ga Disamba 2000, tana kare aikin da aka fitar a wata siffa, ba ta kare tunani tsurarsa. Haka ƙa'idar take a Najeriya da sauran ƙasashe. Ma'ana, idan ka zauna a shagon wani furodusa ka ba shi labarin wa da ƙanen nan da baki, bayan wata shida ka gan shi a YouTube da sunan wani, ba ka da abin riƙewa. Idan kuwa kana da shafi casa'in da ka tura wa kanka ta imel tun kafin ka nuna wa kowa, da kwanan wata a jiki, magana ta canza. Wannan kaɗai ya isa hujja a kan wanne ya kamata ya riga. Idan an zo ciniki kuma, a rubuta: sunanka zai fito a matsayin me, nawa ne kuɗin, yaushe za a biya, kuma da wane kuɗi, naira ko sefa. Duk wanda yake kasuwanci a bakin iyakar nan ya ga yadda naira ta faɗi tun daga 2023. Neman a rubuta yarjejeniya ba rashin kunya ba ne ga babba, addininmu ma ya yi umarni da a rubuta bashi.

Ƙannena mata, maganar nan ta fi shafar ku. Namiji yana iya ɗaukar jaka ya tafi ya kwana a ofishin wani. Ke ba za ki iya ba, kuma ko kin iya, bakin mutane ba zai bar ki ba, a wasu wuraren ma ba bakin mutane ne kaɗai abin tsoro ba. Rubutu yana ba ki hanyar da za ki shiga harkar kina gidanku da mutuncinki. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata a 2016, kuma ta fito da marubuta da ba wanda ya san su kafin nan. Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa ce, a nan kusa da mu, littafinta Les Impatientes ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020. Idan kin sami mai duba miki aiki, ki bar hulɗar a rubuce, idan za a haɗu a haɗu a fili da sanin na gida. Malamin gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

Akwai wuraren da suka haɗa abu biyun da muke magana a kai. Ouaga Film Lab, da aka fara a 2016, da Yaoundé Film Lab suna zaɓar matasa su haɗa su da ƙwararru su zauna a kan labarinsu. Asusun Fonds Image de la Francophonie da asusun Hubert Bals na bikin Rotterdam suna ba da tallafin gina fim tun yana takarda. Dukkansu da takarda ake shiga: taƙaitaccen labari, bayanin dalilin da ya sa kake son yin fim ɗin, da rubutun kansa ko shimfiɗarsa. Ba sa tambayar yaron wa kake. A nan kuna da abin da takwarorinku na Kano ba su da shi, wato Faransanci. Ɗan Garwa da ya yi makaranta yana iya rubuta fim da Hausa ya kai Kano, ya rubuta bayaninsa da Faransanci ya kai Wagadugu. A 2023 Cyrielle Raingou ta ci babbar kyautar Rotterdam da Le spectre de Boko Haram, wanda ta ɗauka tare da yaran Kolofata. Na yi farin ciki da nasararta, ina kuma fatan in ga 'ya'yan arewacin nan suna kai nasu. Roƙona kawai shi ne kada ku zauna kuna lissafin abin da alƙalan waje suke son ji a kanmu. Muna da ta'addanci da auren dole, gaskiya ne, kuma a rubuta su. Muna kuma da masuntan Lagdo, da masu sayar da man fetur na zuwa-zuwa a kwalba a bakin titi, da kasuwar Pitoa, da tsofaffin da suka ga jiragen ruwa suna hawowa Binuwai da damina har tashar Garwa, da watan da garin nan ya cika da baƙi lokacin gasar ƙwallon Afirka a farkon 2022.

Kuma ku bar mutanenku su yi magana yadda ake yi a nan. A kasuwar garin nan mutum yana gaisuwa da Fulatanci, ya yi ciniki da Hausa, ya faɗi lamba da Faransanci, kuma wanda ya zaɓa ya yi wa surukinsa magana da shi yana nuna matsayinsa. Na ga rubuce-rubucen matasa daga wannan yanki da jarumansu suke magana kamar an haife su a Fagge ta Kano, saboda abin da kunnensu ya saba ji a fim kenan. Babu malamin Kano ko na Yawunde da zai iya ba ku muryar Garwa. Idan ma ba ku yi hankali ba, da kyakkyawar niyya zai goge ta yana ganin gyara yake yi. A irin wannan wuri ɗalibi yana da haƙƙin ya ce, cikin ladabi, Malam a bar wannan, haka muke faɗa.

Ina da roƙo guda ga masu shirya wannan zama da malamaina da ke gaba. A ware rana ɗaya a wata, a nan Poumpoumré, ko da a ajin makaranta ne bayan an tashi. Duk mai son a saurare shi ya zo da shafi goma a buge, kofi huɗu ko biyar. A raba wa masu sha'awar wasa su karanta a bayyane, marubucin yana zaune ba zai yi bayani ba sai an gama. Bayan nan kowa ya faɗi inda ya fahimta da inda ya ɓace. Manyan da suka karɓi rubutun yaro domin su duba, su faɗi ranar da za su maido shi, su kuma cika. Idan shugaban wannan zama ya amince, waɗanda suke da rubutu a hannu su tsaya bayan an tashi su ba da sunayensu, a tsayar da ranar farko tun yau.